KUƊIN FANSA BA SHI DA RASIT

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Sati uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya kira ni ta WhatsApp daga Italiya. A ƙasar Rogo aka haife shi, amma tun yana yaro mahaifinsa ya kwashe su suka koma wajen Faskari a jihar Katsina saboda noma. A daminar 2021 'yan bindiga suka ɗauke shi daga gona, ya yi kwana arba'in da wani abu a daji, sai da aka sayar da gonar gado ta nan gida aka haɗa kuɗin fansa. Bayan ya fito bai ƙara iya kwana a garin ba. Ya bi ta Agadas, ya yi shekara guda yana aikin gini a Libiya, daga nan ya hau kwalekwalen roba. Yanzu kwamitin da ke sauraron masu neman mafaka ya ƙi amincewa da buƙatarsa, ya ɗaukaka ƙara, lauyarsa ta ce ya kawo shaida.

Ya ce, "Kawu, ka taimaka ka samo min rahoton 'yan sanda da takardar asibiti. In da hali har da jarida."

Na ce masa, wa ya kai rahoto? Ai a lokacin gargaɗin da aka yi mana shi ne kada hukuma ta ji. Wane asibiti? Mai kemis ne ya wanke maka ƙafa ya yi maka allura. Jarida kuwa, wace jarida ce za ta buga labarin yaro ɗaya a shekarar da ake kwashe mutane gari guda? Ya yi shiru. Can sai ya ce abokansa sun ba shi lambar wani mai shagon kwamfuta da yake haɗa duka ukun, da hatimi da sa hannu, in dai an tura masa kuɗi.

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Yaron nan ba ƙarya yake yi ba, ni na kai wani kaso na kuɗin da hannuna. Amma ga shi sai ya sayi ƙarya kafin a yarda da gaskiyarsa. Tun daga ranar nake ta komawa littattafai ina tambayar kaina, yaushe takarda ta shiga tsakanin mai gudun tsira da wanda zai ba shi masauki?

Domin da ba haka abin yake ba, kuma ƙasarmu ta yamma ta fi kowa sanin wannan. A ƙarni na 19 garuruwa irin su Karaye da Gwarzo su ne garkuwar Kano daga hare-haren Maradawa. Duk sunan garin da ka ji ya fara da "Kafin", kamar Kafin Dabga, to labari yake ba ka: wuri ne da aka kewaye da itace domin mutanen ƙauye su ruga ciki in an buga gangar yaƙi. Baƙon da ya zo a guje, gidan mai unguwa ake kai shi, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci. Za a tambaye shi, ba wai ba a tambaya ba. Daga ina? Ɗan wane ne kai? Wa ya san ka a nan? Harshensa da tsagen fuskarsa sun riga sun amsa rabin tambayar. Sauran rabin kuma sai wani ya tashi ya ce na san ubansa, a gidana zai sauka, in ya yi laifi ni za a tambaya. Shaidar mutum ce, mai numfashi, wadda za a iya kira gobe a sake tambaya.

Su kansu Maradawan da ake gudu, 'yan gudun hijira ne. Sarakunan Katsina na Haɓe ne da jihadi ya tasa, suka yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Haka na Zazzau suka yi kudu, har Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, garin da yau ake kira Suleja bayan an ari sunansa an ba babban birnin tarayya. Wato sunan Abuja ma sunan masaukin 'yan gudun hijira ne.

In ka koma can baya, zaman sauraron masu neman mafaka da kowane ɗan Islamiyya ya sani shi ne na Habasha. Ƙuraishawa sun aiko Amru bin Asi da kyaututtuka a maido musu da mutanensu. Najjashi ya ce ba zai miƙa kowa ba sai ya ji daga bakinsu. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya tashi ya yi bayani, ya karanta wani sashe na Suratu Maryam, sarki ya yanke hukunci su zauna. Ba takarda ko ɗaya a zaman nan. An saurari mai ƙara, an saurari wanda ake ƙara, an auna magana.

Takarda ta shigo mana da ƙarfinta ne da zuwan Turawa, kuma abin mamaki, waɗanda suka fara ɗanɗana ta bayi ne. Dokar Lugga ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba. To, a ƙasar da ba a rubuta haihuwa, ta yaya za ka tabbatar kafin ranar aka haife ka ko bayanta? Sai a koma lissafi da abubuwan da suka faru, shekarar Basasa, shekarar da Nasara suka ci Kano, wato 1903. Bawan da ya gudu kuwa Turawa ba su yi maraba da shi ba, don suna tsoron gandaye su zama kufai. Sun fi son ya zauna ya biya murgu ya fanshi kansa a gaban alƙali, a ba shi takardar 'yanci. Ka lura da tsarin: wanda ya samu damar zama ya tara kuɗi ya bi ƙa'ida, shi ke da takarda. Wanda azaba ta sa ya tsallake katanga cikin dare ba shi da komai, sai a kira shi ɗan zaman banza. Haka aka yi ta tafiya har 1936 da aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wannan tsarin ne nake gani har yau bai mutu ba, kaya kawai ya canza.

Bayan ita sai rasit ɗin haraji. Dattawanmu na Karaye da Rogo da suka yi cin rani za su ba ka labari: a naɗe yake cikin leda a aljihun 'yar ciki, domin in aka tare ka a tasha ko a hanya babu shi, ka shiga uku. Shi ne katin shaidar talaka. Da marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 an yi murna, kuma ya cancanci a yi, don zaluncin da aka yi da sunan haraji ba kaɗan ba ne. Sai dai ni a ganina an yi sakaci a wuri guda. Littafin harajin dagaci shi ne kaɗai rajistar da ta san kowane magidanci da sunansa da gidansa. Da aka rufe shi ba a buɗe wani a madadinsa ba. Akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin ƙasa, amma kowa ya san ƙauyukanmu yaushe ta isa, in ma ta isa.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi 'yan uwanmu na Sudan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu, garin har yau sunansa Mai Wurno. Mutanen ƙasar Kano da yawa sun bi wannan hanya, wasu hijira, wasu aikin hajji a ƙasa. Sudan ta karɓe su ba tare da takarda ba, suka yi noman auduga a Jazira. Sai bayan samun 'yancin kai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Hijirar 1903 ta makara da shekara shida. Jikokin mutanen da ba a tambaye su komai ba ran da suka zo, su aka zo ana cewa su kawo hujjar ranar da kakansu ya iso. An sassauta shekarar daga baya, amma tabon bai goge ba, mun ga yadda aka sake tayar da maganar "baƙi" a rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022.

Haka aka yi a Gana. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama sati biyu ya fice. Mutanen zango na Kumasi da Ankara, wasu a can aka haifi iyayensu, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. Mu ma ba mu da bakin magana, domin a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta rama, ta kori baƙi marasa takarda, wajen miliyan guda daga cikinsu 'yan Gana. Kafin nan ma, a Janairun 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da kotu a Maiduguri ta zauna aka bi asalinsa aka dawo masa da haƙƙinsa. Ɗan majalisa ke nan, mai lauyoyi da jam'iyya a bayansa. Ina ga ɗan yayata?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, dokar mafaka ta duniya asalinta an yi ta ne saboda marasa takarda. Bayan juyin juya halin Rasha, gwamnatin Sobiyet ta ƙwace wa waɗanda suka gudu 'yancin zama 'yan ƙasa, suka wayi gari ba ƙasar da za ta ba su fasfo. Wani mutumin Norway, Fridtjof Nansen, shi ya fito da takardar tafiya ta musamman a 1922, wadda ake kira fasfon Nansen. Wato takarda ce ake ba ɗan gudun hijira, ba takardar da ake nema a wajensa ba. Yarjejeniyar Geneva ta 28 ga Yuli 1951, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ta ɗora a kan haka. Sashe na 31 ya hana a hukunta mai neman mafaka don ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, in dai ya miƙa kansa ba da jinkiri ba. Sashe na 33 ya hana a mayar da shi inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Littafin jagora da hukumar UNHCR ta fitar a 1979 ya faɗa a fili cewa yawancin masu gudu ba za su zo da hujja a rubuce ba, nauyin binciken gaskiya a kan mai nema da mai tambaya yake tare, kuma in labarin mutum ya tsaya da ƙafarsa bai ci karo da abin da aka sani ba, a yi masa kyakkyawan zato.

A rubuce ke nan. A aikace kuwa, ƙasashen da suka sa hannu sun yi ta ƙara shinge. A Amurka takardar I-589 ake cikewa, kuma in ka wuce shekara guda da shiga ƙasar ba ka cike ba, sai da uzuri mai ƙarfi. Dokarsu ta 2005 ta ba alƙali damar ya nemi ƙarin hujja ko da ya yarda da bakinka. A Turai da ka sauka za a ɗauki hoton yatsunka a zuba a rumbun Eurodac, in ka je wata ƙasa ka canza suna yatsun za su tona. A Italiya takardar C3 ake cikewa a ofishin 'yan sanda, abin da ka faɗa ranar, kana cikin gajiya da tsoro, ta bakin tafintan da wataƙila Hausar Nijar ko ta Gana yake ji, shi za a ajiye a auna da duk abin da za ka faɗa bayan shekara biyu. Wasu ƙasashen har naɗar muryarka suke yi su ba masana harshe su faɗi daga inda ka fito. Ka ga tsagen fuska ya dawo ta wata hanya.

Sannan akwai abin da samarinmu ba sa son ji. Yarjejeniyar 1951 dalilai biyar ta sani: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, da kasancewa cikin wani rukuni na jama'a da ake tsangwama. Talauci ba ya ciki. Satar mutane don kuɗi ma sau da yawa cewa suke yi laifi ne na 'yan ta'adda, ba tsangwama ba ce. Abin da ya rage wa irin ɗan yayata shi ne kariya ta mataki na biyu, wadda ake ba wanda zai faɗa mummunan haɗari in an mayar da shi. A Ingila da Jamus kuma tambayar da ke kayar da 'yan Najeriya ita ce, me ya hana ka komawa Legas ko Abuja? Italiya ma a 2023 ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta ce lafiya lau suke, sai a Oktoban 2024 ta cire ta. A 2016 kaɗai 'yan Najeriya sama da 37,000 ne suka sauka gaɓar Italiya. Da yawa sun zo da labari iri ɗaya da aka haddace musu, da takardu daga shaguna irin na mutumin can, shi ya sa yanzu duk takardar da ta fito daga Najeriya da ido ɗaya ake kallonta. Masu buga ƙaryar sun ci kuɗinsu, sun bar masu gaskiya da biyan bashi.

A nan Afirka ta fi su adalci, kuma ba don ni ɗan Afirka ne na faɗa ba. Yarjejeniyar ƙungiyar OAU da aka sa wa hannu a Addis Ababa ranar 10 ga Satumba 1969 ta ƙara da cewa duk wanda tashin hankali ya kora daga ƙasarsa ɗan gudun hijira ne, ba sai ya nuna shi kaɗai ake nema ba. Shi ya sa da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara kwarara Maraɗi a 2019, ba a ce kowa ya kawo rahoton 'yan sanda ba. Mutanen ƙauyuka suka fara sauke su a gidajensu, aka zo aka yi musu rajista, Nijar ta amince da su a dunƙule, aka kai wasu Garin Kaka da Chadakori da Ɗan Daji Makau. Garin da 'yan gudun hijirar Katsina suka kafa shekara ɗari biyu baya, shi ya sake buɗe wa Katsinawa ƙofa. Da yaron nan can ya nufa maimakon ya tsallaka teku, da babu wanda zai ce masa ina rasit.

To, na dawo kan maganarmu. Na kira shi na ce ba zan tura wa mai kwamfuta ko sisi ba. Ba wai tsoron Allah kaɗai ba, har da lissafi. Takardar bogi guda ɗaya in aka gano ta, ta kashe duk sauran maganarka, har tabon da ke jikinka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a gaban mutanen da aikinsu ke nan kullum. Ya yi fushi, ya ce ni ina gida ina shan fura ba zan gane ba. Ban ji haushi ba, da gaskiyarsa.

Sai na shiga tattara abin da yake na gaske, a nan na ga irin ɓarnar da muke yi wa kanmu. Takardar firamarensa shekarar haihuwa daban, katin NIN daban, kuma 1 ga Janairu aka sa masa kamar rabin mutanen garinmu. A wata takardar sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata sunan gari. Takardar shaidar asalin mahaifinsa tana ɗauke da sunan ƙauyen da aka tasa lokacin gina madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, duk wanda ya nemi wurin a taswira ruwa zai gani. Wasiƙun masarauta kuwa abin dariya abin kuka: wadda aka rubuta kafin 2019 tana ƙarƙashin masarautar Kano, ta bayanta masarautar Karaye mai daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe ta, a Yuli aka dawo da ita mai daraja ta biyu da Karaye da Rogo. Mu mun san siyasar da ta jawo haka. Baturen da ke zaune da fayil a gabansa kan takarda uku zai gani daga gari ɗaya cikin shekara biyar, ya ce ga alamar bogi. Lauyar ta ce duk in rubuta bayanin waɗannan a takarda daban, kada a ɓoye ko ɗaya, kada kuma a je a "gyara" wata yanzu, don gyaran da aka yi bayan an shigar da ƙara ya fi saɓanin muni.

Ta ce likita a can zai duba tabon ƙafarsa da na bayansa ya rubuta ko sun dace da ɗaurin sarƙa da duka, akwai ƙa'idar yin haka da ake kira ƙa'idar Istanbul. Ta ce rahotannin halin da Faskari take ciki a 2021 ita za ta nemo, wannan ba a ɓoye yake ba. Abin da take so daga gare mu shi ne duk wani abu da aka yi a lokacin, ba wanda aka yi don wannan shari'ar ba. Na tono tsohuwar wayata na samu saƙonnin murya da muka yi ta turawa dangi ana neman gudunmawa, da kwanan wata a jikinsu. Na je banki na fitar da bayanin asusuna na watan, ana ganin kuɗi suna shigowa dubu biyar, dubu goma, daga mutum fiye da talatin, rana guda kuma aka kwashe duka. Mai kemis ɗin ya ce zai rubuta abin da ya gani da sunansa da lambarsa, in an kira shi zai amsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Rogo wajen Yaya. Ina yi mata bayanin abin da ake nema, sai ta ce, "Auta, takardar gonar fa, tana da amfani?" Na ce wace takarda? Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla ta ɗauko wata leda. Takardar cinikin gonar ce, a fallen littafin makaranta, da biro, rabi boko rabi ajami. Ga kwanan wata, ga iyakokin gona gabas da yamma, ga kuɗin, ga dangwalen yatsan mutum huɗu da hatimin dagaci. Wanda ya rubuta, Allah Ya saka masa, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da ba a saba sawa ba, cewa an sayar ne don a karɓo yaro daga hannun mutanen daji. Ta ce ta ajiye ne ko wata rana za a samu halin fanso gonar.

Biyu daga cikin shaidun suna raye, na same su a masallaci bayan an sauko, sun ce duk wanda ya kira su za su faɗi abin da suka sani. Takardar na ɗauki hotonta gaba da baya na tura, ainihinta kuma Yaya ta ce ba za ta bar hannunta ba sai in alƙalin da kansa ya nema. Yanzu tana wajen mai fassarar da kotu ta yarda da shi, shi kuma ya tsaya a layukan ajamin, jiya ya aiko in karanta masa su a saƙon murya. An sa zaman kotu bayan sallah.